Amsa ga Hajiya: Yarinyar Majuro Ba Butulu Ba Ce

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaisuwa da fatan alheri, ya gida, ya jikoki?

A taron matan Arewa mazauna Amurka da muka yi bayan sallah, na ba da labarin abokiyar aikina wadda aka haifa a Majuro, babban birnin ƙasar Tsibiran Marshall da ke tekun Pasifik. Wasu Amurkawa suka ɗauke ta tana jaririya, ga shi yanzu ta girma ta shiga neman danginta. Kika miƙe kika ce: mutanen da suka ci kashinta da fitsarinta, suka yi jinyarta, suka biya mata kuɗin jami'a, sai da ta zama mutum za ta juya neman wadda ta bayar da ita, wannan ba butulci ba ne? Lokaci ya ƙure mana ranar. Tun da a gaban jama'a kika tambaya, a gaban jama'a zan amsa.

Ba butulci ba ne, ranki ya daɗe. Uwar da ta haife ta ba ta san har abada ta bayar ba.

Ke da kika riƙe 'ya'yan ƙannenki za ki fi kowa ganewa. Mutanen tsibiran nan suna da riƙo irin namu, suna ce masa kokajiriri. A ba kaka yaro ko yayar uwa, ya tashi a can, amma ya san ɗakin da ya fito, yana shiga yana fita, babu mai ɓoye masa komai. A wurinsu ba da yaro hanya ce ta ƙulla zumunci tsakanin gida biyu. Dokar Amurka kuwa ta yanke ne: da zarar uwa ta sa hannu alƙali ya buga hatimi, an soke sunanta, an ba yaro sabuwar takardar haihuwa da sunan wasu iyayen.

Tsakanin 1996 da 1999 an fitar da yara sama da 500 daga ƙasar da mutanenta a lokacin duka-duka dubu 50 ne da ɗoriya. Abin da ya sauƙaƙa shi yarjejeniyar 1986 ce tsakanin Amurka da Tsibiran Marshall, wadda ta ba 'yan ƙasar damar shiga Amurka su zauna su yi aiki ba tare da biza ba. Dillalai suka ga ƙofa a buɗe. Suna bin gidajen talakawa a Majuro da tsibirin Ebeye, suna cewa yaro zai je ya yi karatu, za a riƙa aiko da hotuna da wasiƙu, in ya cika shekara 18 zai dawo. Ga takarda da Turancin lauyoyi, ga uwa ba ta iya karanta shi. Daga baya wata malamar jami'a mai suna Jini Roby ta zauna da iyaye mata da dama ta tambaye su, mafi yawansu suka ce sun ɗauka 'ya'yansu za su dawo.

Gwamnatin Marshall ta dakatar da harkar a 1999, ta yi doka a 2002, aka kuma gyara yarjejeniyar a 2003 aka hana shiga Amurka ta wannan ƙofa da nufin ba da yaro. Bai hana ba. A 2019 aka kama Paul Petersen, lauya kuma zaɓaɓɓen jami'i a gundumar Maricopa ta jihar Arizona, wanda yake kwaso mata masu ciki yana cunkusa su a gidaje har su haihu, ya karɓi dubban daloli a hannun masu neman 'ya'ya. Kotun tarayya a Arkansas ta yanke masa wata 74 a gidan yari a 2020. In ana neman wanda za a ɗora wa laifi a wannan labari, Hajiya, ga irinsu nan. Yawancin masu riƙon ma yaudararsu aka yi.

Akwai kuma abin da ya bambanta da namu ƙwarai. Mu ɗa na uba ne, su kuwa ta wajen uwa ake lissafin dangi, ta wajenta ake gadon ƙasa. Duk wanda mace 'yar Marshall ta haifa yana cikin bwij ɗinta, wato zuriyar ɗaki, yana da jowi, babban dangin da ya haɗa zuriyoyi, yana kuma da haƙƙi a weto, yankin ƙasar da yakan miƙe daga bakin tafkin da ke tsakiyar tsibiri zuwa bakin teku. Ƙasar gaba ɗaya murabba'in kilomita 181 ce, don haka taku ɗaya ma ba abin wasa ba ne. Hatimin alƙalin wata jiha a Amurka bai isa ya cire abokiyar aikina daga wannan lissafi a wurin danginta ba. Ita kuma mace ce, 'ya'yanta ma ta kanta za su shiga.

Ba sai da ta haye teku ta fara ba. A garin Springdale na jihar Arkansas akwai dubban 'yan Marshall, da yawansu suna aiki a masana'antun kaji, har ƙaramin ofishin jakadanci gare su. Wata rana ta roƙe ni in raka ta kemem, bikin cikar yaro shekara ɗaya, wanda a wurinsu ya fi kowane biki. Zaure cike, mata cikin riguna masu furanni, shinkafa da kaza da kifi tuli, jama'a sun yi layi suna waƙa suna ajiye wa yaron dala ɗai-ɗai. Wata tsohuwa ta ƙare mata kallo, ta kamo hannunta ta yi mata magana da harshensu. Ta ce ba ta ji. Aka kira wata yarinya ta yi tafinta, tambayar ita ce: wace ce uwarki, daga wane tsibiri, mene ne jowi ɗinki? Ta buɗe jaka ta ciro wani tsohon hoto mai suna a bayansa da kalmar Jaluit, sunan ɗaya daga cikin tsibiran ƙasar. Tsohuwar ta miƙa wa ta kusa da ita, wannan ta miƙa wa waccan, kafin a kwashe kwanuka an samo wadda ta san ƙanwar uwar. Ba a bar mu mun fita hannu rabbana ba, sai da aka cika mana leda da abinci.

Hanyar ba daɗi zalla ba ce. Tana koyon harshen tana tuntuɓe, yara na yi mata dariya, wasu na kiranta ribelle, sunan da suke kiran Bature. Ta kuma karanta abin da ba a koya mata a makaranta ba: ƙasar da ta raine ta ta gwada makaman nukiliya 67 a tsibiran Bikini da Enewetak na ƙasar Marshall daga 1946 zuwa 1958, kuma tokar gwajin 1 ga Maris 1954 ta zubo wa mutanen tsibirin Rongelap suna zaune a gidajensu. Wannan ya tsaya mata a rai, ta kwana biyu ba ta da walwala. Dangin da ta samu kuma talakawa ne, kin san 'yar Amurka ba ta rasa masu kawo kuka. Na ce mata ta taimaka daidai ƙarfinta, kada ta yi alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Inda nake tare da ke shi ne haƙƙin raino. Mai riƙo uwa ce, duk wanda ya ce ba haka ba bai taɓa kwana a tsaye da yaro mai zazzaɓi ba. Da ta yi wannan nema a ɓoye, ko ta daina ɗaga wayar matar da ta raine ta, da ni ce zan fara yi mata faɗa. Amma ita ta fara gaya wa. Matar ta yi kuka, ta ce tana tsoron a raba su, sannan ta shiga ɗaki ta fito da ambulan ɗin da ta adana tun ranar da aka miƙa mata jaririyar. Daga cikinsa wancan hoton ya fito. Yanzu haka su biyu suke tara kuɗin jirgi, za su bi ta Honolulu su sauka Majuro, daga can a nemi hanyar Jaluit, don matar ta ce tana da bayanin da za ta yi wa uwar yarinyar baki da baki.

A gaida Alhaji da yaran. Ƙanwarki ce.