Amsa ga Shugaban Ƙungiyar Mazauna Unguwa: Hanyar Keke, Sababbin Gidaje da Titi Ɗaya

Malam Shugaba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A zaman jin ra'ayin jama'a kun miƙe kun yi mini tambaya a gaban kowa: ta yaya za a kwashe wurin fakin a yi hanyar keke, sannan a ƙaro gidaje kusan 200 a bakin wannan titin, kuma a ce mana cunkoso ba zai ƙaru ba? Lokaci bai ba da damar amsa ta tsanaki ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuto a fili, tunda a fili aka yi tambayar.

Fargabarku tana da tushe. Idan aka gina gidajen tukuna, mutane suka tare, sannan daga baya aka zo aka shafa fenti a gefen titi aka kira shi hanyar keke, to abin da kuke tsoro shi zai faru. Amma ina ganin an yi kuskure da aka raba rigimar gida biyu, masu faɗa da keke daban, masu faɗa da gidaje daban. Magana ɗaya ce: faɗin titi, da yadda za a kasa shi, da abin da za a fara yi kafin wani.

Mu fara da awo. A ce titi yana da mita 12 tsakanin dakalin gefe da dakalin gefe, ban da wurin masu tafiya a ƙasa. Yadda aka saba kasa shi a unguwannin bayan gari shi ne fakin mita 2 a kowane gefe, sai layin mota biyu masu mita 4 kowanne. Mita 4 ya yi wa mota ɗaya yawa, kuma wannan sararin ne ke sa direba taka wuta. Idan aka mayar da kowane layi mita 3.25, wanda ya ishi bas, an ci mita 6.5. A bar fakin a gefe ɗaya, mita 2. A yi hanyar keke mai zuwa da dawowa ta mita 3, a raba ta da motoci da dakalin kankare na rabin mita. Lissafi ya cika 12. Ba a taɓa yawan layin mota ba. Abin da aka rasa shi ne fakin gefe ɗaya, kuma tunda kowace mota tana cin kusan mita 6 a tsaye, a titi mai tsawon mita 300, bayan an cire ƙofofin gidaje, ana maganar motoci talatin da wani abu. Wannan asara ce ta gaske, kuma duk wanda ya ce muku ba komai ba ce bai yi muku adalci ba.

Waɗannan ma'aunai ba daga ka na ɗauko su ba. Ƙa'idar da gwamnatin Ingila ta fitar a 2020 ta ce hanyar keke mai tafiya ɗaya ta kai mita 2, idan wuri ya matse ƙwarai kada ta gaza 1.5, mai zuwa da dawowa kuwa mita 3. Dalili shi ne mai sauri ya iya wuce yaro ko dattijo ba tare da ya faɗa cikin motoci ba. Idan hanyar ta bi ta gefen motocin da ke fakin, dole a bar tazarar aƙalla rabin mita, don ƙofar mota da aka buɗe ba zato tana cikin abubuwan da suka fi kayar da masu keke.

Cunkoso kuwa ba a tsakiyar titi ake haifar da shi ba, a mahaɗa ne. Layi ɗaya yana iya wuce da motoci kusan 1,800 a awa idan danja ta tsaya a kore ba yankewa. Idan rabin lokaci kawai take ba shi, ya koma wajen 900. Gidaje 200 a bayan gari, bisa lissafin da ake yawan amfani da shi, za su fitar da motoci 100 zuwa 150 a awar da aka fi fita da safe, wato biyu ko uku a minti. Ga mahaɗar da ke da sauran sarari wannan ba ya nuna kansa. Ga wadda ta riga ta kusa cika, shi ne zai mayar da jiran minti ɗaya ya zama na biyar. Don haka takardar da ya kamata ku nema daga kamfanin gine-ginen ita ce ƙidayar motoci a mahaɗa mafi kusa, ku duba ranar da aka yi ta. Idan lokacin hutun makaranta ne, ku ce a sake.

A nan ne keke ke shigowa cikin maganar gidaje. Yawancin fitar safe a irin waɗannan unguwanni gajeru ne: kai yara makaranta, zuwa tashar jirgin ƙasa ko ta bas, sayen abin buƙata. Kilomita 3 tafiyar minti goma sha biyu ce a keke. Duk wanda ya yi ta a keke, mota ɗaya ta ragu a gabanku a danja. Sai dai ba wanda zai bar ɗansa mai shekara goma ya hau hanyar da ke ƙarewa mita hamsin kafin shatale-tale, ta zubar da shi cikin motoci a daidai inda haɗari ya fi yawa. Wannan shi ne babban abin da ke kashe irin waɗannan ayyuka: a gina inda ya yi sauƙi, a tsallake inda ya yi wuya, hanya ta zauna fayau ba kowa, jama'a su ce an yi asarar kuɗi, kuma su yi gaskiya. Birnin Sabiya na Sifen ya bi akasin haka. Daga 2006 ya shimfiɗa hanyoyin keke kusan kilomita 80 a haɗe cikin ɗan lokaci, galibi a gurbin fakin, kuma masu hawa keke suka ninka sau da yawa. A Hawutan, wani gari kusa da Utirek a ƙasar Holan, tun a zanen farko aka tsara cewa mota sai ta fita titin da ya kewaye garin kafin ta shiga wata unguwa, keke kuwa ya ratsa kai tsaye.

Tsarin da na kawo misali da shi yana da nasa aibi, kuma gara ku sani. Hanya mai zuwa da dawowa a gefe ɗaya tana rikita direban da ke fitowa daga lungu, saboda ya saba duba ɓangare ɗaya. Maganinsa a ɗaga mashigar lungun ta yi daidai da tsayin hanyar keke, a matse kwanar yadda dole mota ta rage gudu, kuma inda akwai fili a ja hanyar baya kamar mita 5, tsawon mota ɗaya, don direba ya samu inda zai tsaya ya duba. Dakalin kankare yakan tare ruwan sama ya hana shi isa magudana, sai a bar giɓi ko a matsar da bakin magudanar, in ba haka ba hanyar ta zama tafki. A tashar bas, tsibirin da fasinja ke sauka, wato dakalin da ke tsakanin bas da hanyar keke, ya kai faɗin mita 2.5 don keken guragu ya juya, kuma a zauna da makafi a kan yadda za su tsallaka, domin koke-kokensu a kan wannan tsari na gaskiya ne. A kuma tambayi 'yan kwana-kwana a rubuce. A Ingila suna buƙatar mita 3.7 tsakanin dakali da dakali.

Sai fakin, wanda shi ne ainihin abin da ke ci wa mutane rai. Kafin a yi gardama a ƙirga. A wasu gundumomin Landan ana zagayawa a ƙirga motocin da ke fakin ne tsakanin ƙarfe 12:30 na dare da 5:30 na asuba, dare biyu na ranakun aiki, a duk titunan da ke cikin tafiyar mita 200 daga wurin aikin, saboda a lokacin ne kowa ke gida. Idan wuraren da suka cika ba su kai kashi 85 cikin ɗari ba, motocin da aka tasa za su samu gurbi. Idan sun haura, sai an yi tsarin lasisin fakin na mazauna, a keɓe wa nakasassu da masu sauke kaya wurarensu tun a zane. Abu mafi muhimmanci: a rubuta cewa mazauna sababbin gidajen ba su da haƙƙin wannan lasisi. Idan ba a yi haka ba, kamfani zai rage fakin a cikin filinsa don ya ƙara ɗakuna, motocin su malalo ƙofar gidajenku. Tilasta masa yin fakin da yawa shi ma ba mafita ba ne, don kowane gurbi da hanyar shigarsa yana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, kuɗin yana komawa kan mai sayen gida, kuma gidan da aka ba gurbi biyu yakan cika su. A unguwar Foban ta birnin Firaibog a Jamus, mai mota yana sayen gurbinsa ne daban a garejin bakin unguwa, wanda ba shi da mota ba ya sayen gurbi.

Game da gwajin hanyar keke na wucin gadi, ina goyon bayansa idan an ba shi lokaci. A titin Kensintin na Landan an sa hanyar keke a 2020 aka cire ta bayan kimanin mako bakwai, kafin a samu alƙaluman da za a dogara da su. A gundumar Waltam Fores ta Landan kuwa, a 2015 har akwatin gawa masu zanga-zangar adawa da irin wannan aiki suka ɗauko, amma aka ci gaba da aikin kuma yana nan. Dokar Ingila ta ba da damar gwaji har wata 18. Shekara guda ita ce mafi ƙaranci a ganina, don a ga kowane yanayi da zangon karatu, a ƙirga motoci da kekuna da gudu kafin da bayan, har da titunan maƙwabta inda motoci kan karkata.

Abin da nake roƙon ƙungiyarku, Malam, shi ne ku kai ƙarfinku kan sharuɗɗan izinin gini. A sa a yarjejeniyar da kamfani zai sa wa hannu cewa shi zai biya gyaran mahaɗa da hanyar keke har ƙofar makaranta da tasha, kuma ba za a ba da makullin gida na hamsin ba sai an kammala su. Ku nemi zanen da ke nuna awo a kowace mita ashirin, ku fita da tef ku gwada da kanku a wurin da titin ya fi matsewa. Idan awon bai kai ba a nan, ku kawo shi zama na gaba, zan tsaya tare da ku a nemi a sake zanen.

Naku cikin girmamawa,
Injiniyan tsara hanyoyi