Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau kan na'urar ɗumama jarirai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Mai Martaba Malam Ahmed Nuhu Bamalli lafiya da nisan kwana.

Mu ne iyaye mata da magidanta da wasu ungozomomi daga cikin birni da Tudun Wada da Gyallesu, mun kawo kukanmu fada ne saboda Sarki uban kowa ne, kuma maganarsa tana shiga inda tamu ba ta isa ba. Kukan namu a kan sanyi ne ranka ya daɗe, sanyin da yake ɗauke mana jarirai a daren da aka haife su.

Ni da aka ba wa alƙalamin nan na gani da idona. Hunturun da ya wuce ƙanwata ta haihu wajen ƙarfe uku na dare a wani ƙaramin asibiti, bakwaini, bai kai kilo 2 ba, an ɗauke wuta, nas ɗin baiwar Allah ta yi iya yinta, ta tafasa ruwa ta ɗura a gora ta naɗe da zani ta jera a gefensa tana haska shi da tocilan ɗin waya, ƙafarsa in ka taɓa kamar randa, daga ƙarshe aka ce mu wuce asibitin koyarwa na Shika. A Keke Napep muka tafi cikin wannan iskar, ina rungume da shi cikin bargo. Ya rayu alhamdulillah, amma ba kowa ke da wannan rabon ba.

Likitoci sun ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Celsius, in ya sauka ƙasa da haka an shiga matsala, sai ya kasa kama nono, sukarin jininsa ya faɗi, numfashi ya rikice. Ya fito a jiƙe ga fata sirirya ga ba kitse, minti kaɗan ya ishe shi ya huce. Mu kuma abin da muka gada kaskon gawayi ne a ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙin nan shi ma wata cutar ce.

Abin da muke roƙo ba kwalba ba ce, mutane suna haɗa su. Kwalba a rufe take, ta jinya ce mai tsawo. Wannan kuwa ɗan gado ne buɗaɗɗe da hita a samansa tana sauko da ɗumi kamar hantsi, nas tana iya share jariri ta gyara cibiya ta taimaka masa da numfashi duk yana cikin ɗumin. Na yanzu ma sun ci gaba sosai, akwai wata 'yar waya da ake manna wa a kan fatar cikin jaririn, ita ke gaya wa injin zafin fatarsa, in ya yi sanyi ya ƙara in ya yi zafi ya rage da kansa, in wayar ta ɓalle kuma ya kama ƙarar gargaɗi har sai an zo. Wasu har da sikeli a jiki ba sai an ɗaga yaro an kai shi kan ƙarfe mai sanyi ba. Akwai kuma wata kamar jaka mai wani irin kaki a ciki da ake ɗumamawa ya riƙe zafi na awanni, da muna da ita a daren nan da hanyar Shika ba ta zame mana tashin hankali ba.

Mun san da maganar ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata, wadda aka faro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, muna yi kuma tana aiki. To amma uwar da aka yi wa tiyata ko take zubar da jini fa, wa zai ɗora mata?

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya sa baki wajen shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da ma'aikatar lafiya ta jiha, a sa wannan na'ura ta ɗumama jarirai aƙalla guda ɗaya a duk ɗakin haihuwa da ke karɓar haihuwar dare. Kuma don Allah a haɗa da sola da batir, domin hita tana shan wuta, in babu su ado kawai za ta zama a jingine ta a lungu ana shanya tawul a kai. A koya wa nas-nas yadda ake saita ta tunda in aka bar ta ba kulawa tana busar da jariri ko ta ƙona shi, a kuma samu mai gyara a nan gida, ga jami'ar ABU cike da injiniyoyi. Attajiranmu masu gina masallatai, in Sarki ya kira su ya ce wannan ma sadaka ce mai gudana wallahi za su ji. Limamai da masu unguwanni su ma a umarce su su riƙa faɗa wa jama'a a jinkirta wankan farko zuwa awa 24, mun san kakanni za su yi ƙorafi amma daga bakin fada za su karɓa.

Sa hannunmu da dangwalen yatsa suna wajen masu unguwanninmu, duk ranar da aka neme mu za mu zo. Allah ya taimaki Sarki.