Yoyon Tawada Bayan Ɗuri: Jan Hankali Ga Masu Shagunan Buga Takardu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu shagunan buga takardu a Birnin Kebbi da kewaye, a kan wata matsala da take cinye mana riba ba mu ankara ba, wato yoyon tawada bayan an yi wa katirij, wato ɗan akwatin tawadar firinta, ɗuri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani matashi da ya zo shagona makon jiya, ɗauke da firinta a bayan babur, tawada ta jiƙa gindin kwalin har ta ɓata masa farar shadda. Bai daɗe da buɗe ɗan shagonsa ba, yana buga wa ɗalibai takardu. Yana sauka ya ce mini, "Baba, katirij ɗin jabu aka sayar mini." Na tambaye shi yawan tawadar da ya ɗura, sai ya zaro sirinji mai cin mililita 10 daga aljihu, ya ce cikinsa guda ya juye, domin a ganinsa gara a cika sau ɗaya a huta. Nan take na gane cewa katirij ɗin ba shi da laifi.

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar katirij tamkar kwalba, alhali ba haka yake ba. Ƙasansa a huje yake da ƙananan ramuka masu yawa waɗanda ido ba ya iya rarrabewa, kuma babu wani murfi da yake rufe su. Abin da yake hana tawada zubowa shi ne soson da ke ciki, wanda yake tsotse ta ya riƙe, ba ya sakinta sai lokacin da ake bugu. Duk wanda ya taɓa riƙe soson wanka ya san cewa idan ya ɗan jiƙa yana riƙe ruwansa, amma idan ya sha ya ƙoshi sai ya fara tsiyaya. Ƙananan katirij irin su HP 123 da Canon PG-445, waɗanda suka fi yawa a hannunmu, ba sa ɗaukar tawada mai yawa, kuma baƙin HP 123 an ƙiyasta shi ne a kan shafi kusan 120 kacal. Ta yaya abin da aka yi wa wannan ƙaramin aiki zai shanye cikin sirinji guda? Tawadar da soso ya kasa riƙewa ba ta da wurin zuwa sai ƙasa, ta bi ta ramukan nan ta ɗiga a kan takarda ko ta taru a cikin injin.

Maganin wannan ba ya buƙatar ko sisi. A mayar da allurar ta hujin da aka yi ɗurin, a zuƙe rarar tawadar a hankali, sannan a dangwala bakin katirij ɗin, wato ƙasansa mai ramukan nan, a kan tishu. Idan baƙi ne, za a ga siririn layi tsaf. Idan mai launi ne, za a ga layuka uku a jere, kowanne da launinsa. Matuƙar tabo mai faɗi yake bari, to akwai sauran rara, kada a yi gaggawar mayar da shi cikin firinta.

Bayan cikawa fiye da kima, abin da ya fi ba mu wahala shi ne iska. Wasu suna tura tawada da ƙarfi ba tare da sun fitar da iskar da ke cikin sirinji ba, sai kumfa ya maƙale a cikin soso. A garinmu, inda zafi yake haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, iskar da ta maƙale takan kumbura da rana ta turo tawada waje, shi ya sa mutum zai bar firinta lafiya lau da safe, ya dawo bayan azahar ya tarar da ɓarna. Haka kuma akwai masu ɓare takardar da ke manne a saman katirij, su liƙe wurin da salatif ruf. Ba su san cewa a ƙarƙashin takardar nan akwai siraran hanyoyin shaƙar iska ba. Katirij mai soso yana buƙatar numfashi, idan aka toshe shi gaba ɗaya, ko dai tawada ta ƙi fita a lokacin bugu, ko kuma zafi ya matsa ta ta yi yoyo. Allura ma tana da iyaka, domin a can ƙasan soso akwai 'yar rariya mai tace tawada, wanda ya soka allura har ya huda ta kuwa ya gama da katirij ɗin.

Mai launi ya fi son haƙuri, saboda ɗakuna uku ne a cikinsa. Ni dai ba na ɗura masa komai sai na tura tsinken sakace a kowane huji na ga launin da ya fito da shi. Idan ɗaki ɗaya ya cika ya yi yoyo, sauran biyun sukan tsotse ta baki, sai rawaya ya koma kore ko ruwan ƙasa, hoton fasfo ya fito fuskar mutum kamar marar lafiya. Idan kuma tawada ta taɓa ɗigo-ɗigon tagullar da ke bayan katirij, firinta takan ƙi gane shi, sai an goge da auduga da ɗan sifirit an bari ya bushe sarai. Ina kuma jan kunne a daina jira sai tawada ta ƙare ƙaf kafin a yi ɗuri, domin HP da Canon da zafi suke fesa tawada, ita ce kuma take sanyaya bakin, bugu a bushe yana ƙona shi.

Waɗanda suka haɗa wa firintarsu tanki na waje da siraran tiyo su ma ba su tsira ba. Na sha ganin an ɗora tankin a kan littattafai wai don tawada ta fi gudu, alhali ɗaga shi sama da inda firinta take zaune shi ne yake sa tawada ta kwararo ta cika injin. Masu Epson kuma su sani cewa akwai wani soso a ƙasan injin da yake tara tawadar da ake zubarwa wajen wanke bakin da yake fesa tawada. Idan firinta ta tsaya ta ce ya cika, aka share lissafin cikar soson da kwamfuta ba tare da an canja soson ko an wanke shi ba, wata rana tawada za ta ɓullo ta gindi ta ɓata tebur.

Roƙona ga iyayen gida a wannan sana'a shi ne mu daina miƙa wa yaranmu sirinji muna cewa su yi yadda suka ga muna yi. Mu ɓalle tsohon katirij guda a gabansu, su ga soson da idonsu, su ga rariyar da hanyoyin iskar. Masu sayar da tawada a kasuwa su ma su ji tsoron Allah su riƙa faɗa wa mai saye wace iri ce, domin ta Epson daban, ta HP daban, kuma gauraya su yana toshe baki.

Shi kuwa matashin nan, tare muka zauna muka zuƙe fiye da rabin abin da ya ɗura, muka goge cikin injin, muka bar katirij ɗin ya kwana a kan tishu a inuwa. Da safe ya buga shafi biyar a gabana, babu ɗigo ko ɗaya, ya ɗaure firintarsa a bayan babur ya koma shago.

Wassalam.

Naka,
Mai shagon buga takardu,
Birnin Kebbi.