A bar yara su duba kafin su rubuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan'uwana malamai kan yadda muke koyar da insha'in siffantawa, musamman a ƙananan makarantun sakandare.

Abin da aka saba shi ne malami ya rubuta "Kasuwar Garinmu" a allo, ya zuba sakin layi huɗu a ƙarƙashi, yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. Ka zauna duba littattafai, kowace kasuwa "babba ce, tana da kyau, ana sayar da abubuwa iri-iri". Yaron Wudil da yarinyar Fagge duk kasuwarsu ɗaya, alhali shi ya tashi yana jin kukan shanu da hayaniyar dillalai kowace Juma'a, ita kuwa Kantin Kwari ta sani, da dilolin atamfa da 'yan dako masu ihun a ba su hanya. Yaran sun ga waɗannan abubuwa. Mu ne ba mu taɓa nuna musu cewa abin da suka gani ya isa shiga takarda ba.

Siffantawa aikin ido ne da kunne da hanci kafin a kai ga biro. Wanda makarantarsa ke cikin birnin Kano, me zai hana ya nemi izinin shugaba ya kai ajinsa marinar Ƙofar Mata? Ga karofi, ga warin baba da toka, ga hannun marini da ya rine har gwiwa, ga amon masu bugu daga ɗaki. In fita ba ta yiwu ba, a shigo da abin aji. Goro ɗaya ya isa darasi guda: a ɓare shi, a miƙa ya zaga, a tambayi launinsa, santsin bayansa, ɗacinsa, da yadda yake sauya kama in ya sha iska. Ni nakan hana su rubuta "kyau" da "daɗi" a ranar, sai ka ga an yi tsuru-tsuru, can wani ya ce ja ne wur, wata ta ce cikinsa fari ne sol. Hausa cike take da irin waɗannan kalmomi na amsa-kama, yara na jin su a bakin iyayensu mata kullum, amma sun ɗauka ba na makaranta ba ne.

Na san uzurin da za a kawo: jarrabawa. To ai ita ce hujjata. A takardar Ingilishi ta WAEC ana son insha'in da bai gaza kalmomi 450 ba, kuma cikin maki 50 da aka ware masa, 20 na iya sarrafa harshe ne. Ɗan hadda da an ɗan karkata tambayar ya tsaya cak, ya cika shafi da maimaici. Wanda kuwa ya saba lura da abu ya faɗe shi da Hausa, kalmomin Ingilishi kaɗai suka rage masa nema, ba abin faɗa ba.

Sai matsalar cunkoso, wadda gaskiya ce. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa ya san yadda azuzuwan makarantun gwamnati suke, kuma ba mai iya gyara tarin littattafai kowane mako. Abin da nake yi shi ne in raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya siffanta abu ba tare da ambaton sunansa ba, a karanta a fili, sauran su canka kamar kacici-kacici. In aji bai gane ba, marubutan sun ga inda suka gaza tun kafin jan biro ya taɓa takardarsu.

Roƙona gare ku, Edita, shi ne ku ware ɗan gurbi a shafin yara kowane mako, ɗalibai su riƙa aiko da sakin layi ɗaya suna siffanta wani abu na unguwarsu, kuna buga waɗanda suka fi, haɗe da sunan makaranta.

Naku,
Wani malamin Hausa, daga Kano