Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Gonar Rinji

Gangare, Jos

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ƙafar tata da sauƙi, alhamdu lillahi.

Baffanka ya kira ni kan gonar rinji. Ya ce an samu mai saye, wanda yake so ya haɗe filin duka ya kafa gonar zamani, amma da sharaɗin a tashi mutanen da ke zaune a bakin rafi kafin ya biya. Ya ce kai ya ɗora wa aikin takardu tunda kai ne lauyan gidan. Ya kuma faɗa mini abin da ka ce, wai ai bayin gidanmu ne, ba su da takarda, a ba su wa'adi su kwashe. Maganar nan ta hana ni barci. Shi ya sa na zauna na rubuto, don ka karanta a natse.

A cikin akwatin ƙarfen da kakanka ya bar mini akwai takardar rabon gadon mahaifin kakana, wadda aka rubuta da Larabci a gaban alƙali a ƙasar Zazzau, tun kafin zuwan Turawa. Takardar ta yi ja, gefenta ya fara marmashewa, amma rubutun yana karantuwa. An jera doki, da shanu, da rumbunan dawa, da riguna, kowanne da kuɗinsa na wuri a gabansa. A cikin wannan jeri, ba tare da an ko tsallake layi ba, sai sunayen mutane, su ma kowa da kuɗinsa. Sunayen ma ba na iyayensu ba ne, irin waɗanda iyayengiji ke laƙabawa ne, su Nasamu, su Alheri, su Dangana. Bayan an fitar da ushirar alƙali, wato kashi ɗaya cikin goma na dukiyar, aka raba. Wani mutum ya faɗa rabon babban ɗa ya zauna a rinji, matarsa kuwa ta faɗa rabon wata 'ya mai aure a wani gari. Wanda ya rubuta bai ce komai a kai ba, lissafi yake yi. Ni kuwa duk lokacin da na zo wannan layi sai na ajiye takardar na yi shiru.

Ka san me ake nufi da rinji? Ƙauyen bayi ne da aka kafa don noman gandun ubangiji. Suna fita gandu da safe ƙarƙashin sarkin gandu, wanda shi ma bawa ne, ba sa tashi sai wajen azahar. Abin da ya rage na yini da na ƙarfin jiki shi suke kai wa gayaunarsu, 'yar gonar da aka yanka wa kowa don ya ci da iyalinsa. Wanda ya ga zai iya neman na kansa sai ya shiga murgu, yana biyan ubangijinsa wani abu a kai a kai, yana tara kuɗin fansar kansa a gefe. 'Ya'yan da aka haifa a rinjin su ne dimajai, Kanawa su ce cucanawa. Al'ada ba ta yarda a sayar da su ba, amma ana gadonsu kamar yadda aka gaji iyayensu. Gonar da kake shirin auna wa mai saye daji ce a da. Su suka sare shi, suka tumɓuke kututture, suka haƙa rijiyar da ake sha har gobe. Mahaifin kakana malami ne kuma falke, fartanya ba ta taɓa yi masa kanta a hannu ba.

Kuma kada wani ya ce maka daga sama suka faɗo. Hari ake kaiwa kan garuruwan duwatsu na kudancin Zazzau, a kamo mutane, wasu kuma a kasuwa aka saye su. Har musulmi 'ya'ya ana haɗawa, duk da shari'a ta hana, kuma bautar da musulmi yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya yi kuka da su a kan sarakunan zamaninsa. Maƙwabtanmu na nan saman dutse ba su manta da wannan hari ba, kakanninsu sun ba su labari kamar yadda namu suka ba mu.

Yanzu bari mu zo kan doka, fagenka. A 1901 Lugga, Baturen da ke mulkin Arewa, ya yi shela cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ya hana hari da cinikin bayi. Amma bai kwance waɗanda suke hannu ba, sai wanda ya je gaban alƙali ya fanshi kansa. A 1902 Turawa suka karɓi Zariya. A 1910 suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin Gwamna, samun gona kuwa ya ci gaba da bi ta hannun sarakuna da dagatai. To, bawan da ya gudu wa zai yanka masa gona? Shi ya sa da yawa suka zauna inda suke, wasu suka biyo jirgin ƙasan da ya iso nan daga Zariya a 1914 suka shiga haƙar kuza. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ka yi lissafi da kanka. Tsohon da ya fi kowa tsufa a bakin rafin nan ɗa aka haife shi. Babu bawan kowa a can. An 'yanta su dai hannu rabbana, babu ladan aikin shekaru, babu ko taƙi ɗaya da aka rubuta da sunansu. Rashin takardar da kake kafa hujja da shi daga nan ya samo asali. Ka fi ni sanin abin da dokar filaye ta 1978 ta ce kan wanda ta tarar yana noma fili a karkara, ka kuma san sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yadda aka haife shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙarshen jerin nan akwai sunan wata yarinya ƙarama da ta faɗa rabon kakana tare da wanta. Da ta girma ya sa ta ɗaka, ta haifa masa kakanka. Shari'a ta ce ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, gadonsa daidai da na 'ya'yan matan aure, ita kuma ta 'yantu da mutuwar ubangijinta. Ta wannan ƙofa rabonmu ya zo mana. Na tashi na tarar da ita a nan Gangare, tsohuwa mai tsage a fuska irin wanda ban taɓa gani a fuskar kowa a gidanmu ba, tana kaɗi da mazari tana wata 'yar waƙa da harshen da ba mu ji. Wanta ya zauna a rinji har ya mutu, jikokinsa ne mafi yawan masu gidajen bakin rafi. Dangin uwar kakanka ne kake cewa a ba su wa'adi. Amma ka ji ni da kyau, ko da babu ɗigon jini tsakaninmu da su, maganata ba za ta canja ba.

Kai da aka haifa a Jos bai kamata a tsaya yi maka dogon bayani ba. Kakanka ya zo garin nan yana saurayi, yana ɗinki wa leburorin kuza. A nan aka binne shi, a nan aka yanke cibiyata da taka. Duk da haka ka san wahalar da ka sha kan takardar shaidar ɗan asali, ka san rikicin da muka gani a Satumban 2001, da 2008, da 2010. Ka san ɗacin a ce maka baƙo a unguwar da kakanka ya gina. Waɗancan mutane sun riga zuwanmu Jos daɗewa a bakin rafin nan.

Ga abin da nake so. Ka bar Abuja ka je da ƙafarka, kada ka aika takarda. Ka fara gaida dagaci, sannan ka cire takalmi ka zauna a zauren dattijonsu ka saurara. Su suka san iyaka, sun san wace ɗorawa ce ta raba gandu da gayauna, mu ba mu sani ba. Ka ɗauki safiyo mai auna fili ya zagaye gidajensu, da maƙabartarsu, da gonakin da suke nomawa, da fadamar da suke rani a ciki, a fitar da su daga filin sayarwa, a nema musu takardar mallaka a ƙaramar hukuma da sunayensu. In baffanninka sun ce rabonsu zai ragu, a fara yanka daga nawa har ya ƙare. Kuma kada bakinka ya kira shi sadaka a gabansu, haƙƙinsu ne da ya makara. Allah ya ce a aya ta 8 ta Suratun Nisa'i, idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Wannan ga wanda ya halarta kawai ke nan, balle wanda guminsa ne ya zama dukiyar. Kalmar nan kuma da ka furta a waya, kada 'ya'yanka su taɓa jin ta a bakinka. Sahabi Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa lalle akwai sauran jahiliyya a tare da kai.

Sauran filin ma kada ku yi gaggawa. Tun rasuwar kakana ba a raba shi ba, an bar shi gandu a hannun babba, gado ya hau kan gado. Gwaggonninka suna da rabo, waɗanda suka rasu a cikinsu 'ya'yansu suna da shi, kuma ban ji baffanka ya ambace su ba. Ku nemi malamin da ya san ilimin gado ya warware shi ɗaki ɗaki kafin a karɓi ko sisi.

Na gaya wa baffanka ba zan sa hannu ba sai an gama da mutanen bakin rafi. In za ka tafi ka biyo ta nan, mu tafi tare in jiki ya yarda, akwai kabarin wan kakata da nake so in ziyarta. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka