Jirgi ya tsaya Zanzibar awa takwas, sai ku ce a tafi bakin teku?

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe.

Na karanta abin da kuka buga a shafinku na tafiye-tafiye kan manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, masu ɗaukar mutane daga gari zuwa gari su tsaya wuni guda su ƙara gaba. Madalla, an yi ƙoƙari, dan yanzu mutanenmu ma sun fara hawa. Amma inda aka ce wai in jirgi ya tsaya Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya a sayi tikitin motar da za ta kai mutum bakin tekun Nungwi ya kwanta a yashi, toh gaskiya nan ne ban yarda ba, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Kaga jirgi yawanci da safe yake isowa, kafin magariba kuma ya ɗaga, wani lokacin ma ba ya matsowa gaɓa, can cikin ruwa yake tsayawa sai a dinga kwaso ku da ƙananan jirage rukuni-rukuni, kafin layi ya zo kanka hantsi ya yi. Nungwi kuwa can ƙuryar arewacin Unguja take, wato babban tsibirin Zanzibar, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota, ka je ka dawo ka cinye kusan awa uku a zaune kana kallon ƙeyar direba, dan kawai ka ga yashi da ruwa, kai da ka kwana kana kallon ruwa ta tagar ɗakinka. Alhali tsohon garin, wanda su suke ce wa Mji Mkongwe, ga shi nan a gabanka kana sauka, da ƙafa za ka shiga ba ka biya kowa ko sisi ba. Tun 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Ni dai shawarata a fara da bakin ruwa. Akwai Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, shi ne gini na farko a tsibirin da aka sa wa wutar lantarki. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, saboda haka kar wani ɗan kamasho ya karɓi kuɗinka kafin ka ga ƙofa a buɗe da idonka. A gefensa ga tsohon sansanin da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotigal a ƙarshen ƙarni na 17. A wannan bakin ruwan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da ko awa ɗaya bai kai ba aka gama.

Daga nan sai a kutsa lungu. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ba zai ji baƙunta ba, mota ba ta shiga, sai babur da keke da amalanke, ka ɓata ka sake ɓata ka ɓullo inda ka baro, kuma ba komai dan garin ƙarami ne, ka tambayi hanyar teku kowa zai nuna maka. Abin da za a tsaya a duba da kyau ƙofofi ne. Katako ne mai kauri an sassaƙa shi da hannu, wasu samansu a miƙe da ayar Alƙur'ani a rubuce, wasu samansu a lanƙwashe irin na Indiyawa da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini a jere, ka kai hannu ka taɓa ka ji sun yi santsi saboda shekaru. A ƙofar gidajen kuma akwai dakali, dattawa na zaune suna shan gahawa baƙa a 'yan mitsi-mitsin kofuna, ka yi sallama su amsa maka cikakkiya har da wabarakatuhu. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci kusan kowane lungu, azahar ba za ta wuce ka ba, abinci ma ba sai ka tsaya bincike ba. Mata kuma masu hijabi su ne ma suka dace da garin, waɗanda suka sauko da gajeren wando su ake bi da kallo.

Wurin da nake roƙon kowa ya je, ko da zai fasa komai, shi ne inda kasuwar bayi take a da, a unguwar Mkunazini. An rufe ta a 1873 bisa matsin lambar Ingila, aka gina cocin Angilika a wurin. Ana sauka da mutum wasu ɗakuna na ƙasa masu gajeren rufi da 'yar taga kamar tsaga, a waje kuma akwai gumakan mutane a cikin rami da sarƙa a wuya. Ba wurin ɗaukar hoto ana dariya ba ne, duk da na ga masu yi. Arzikin kanumfarin da ya sa Sarki Sayyid Sa'id ya baro Maskat ta ƙasar Oman ya maido da fadarsa nan wajen 1840, da gumin bayi aka tara shi, kuma 'yan kasuwar Musulmi ne a gaba-gaba a cinikin, gara mu sani mu ma, ba sai wani ya faɗa mana da gatse ba.

Tsaraba kuwa a je kasuwar Darajani, kanumfari da kirfa da masoro da citta ga su nan a buhu, ba irin 'yan ƙunshin da ake jera wa Turawa a shago da tsada ba. A yi ciniki sosai, a kuma canza 'yan kuɗi zuwa shilin ɗin Tanzaniya, in ka fito da dala farashi ya tashi kenan. Ɓangaren kifi sai mai ƙarfin hanci.

In lokaci ya ragu kuma akwai yara, a hau kwale-kwale mai inji zuwa tsibirin Changuu, kamar rabin awa ne. An gina kurkuku a can a 1893 amma ba a taɓa ɗaure fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cutar shawara. Yanzu manya-manyan kunkuru ne a wurin, waɗanda aka fara kawowa daga Seychelles a 1919, wani ya kai yaro ya zauna a bayansa amma an hana. Maganar shawara ta tuna min, duk wanda ya taso daga Najeriya ya riƙe katin rigakafinsa, kuma ya gama da maganar biza tun yana gida, mu ba a buga mana a bakin shiga.

Abu ɗaya da marubucinku bai faɗa ba kuma shi ne mai haɗari, wato agogo. A can daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wajensu, in ka ce wa mai kwale-kwale ya dawo ya ɗauke ka ƙarfe huɗu zai iya ɗauka goma na safe kake nufi ko na dare, dan haka ka nuna masa a fuskar waya ku yi ittifaƙi. Jirgi yana jiran motar da kamfaninsa ya shirya in ta makara, amma wanda ya fita da kansa ba ruwansu da shi, sai dai ka nemi hanyar cim masa a Mombasa ko duk inda ya nufa da kuɗin aljihunka. A dawo tasha da saura awa guda cur.

Abin takaicin kawai, kasuwar dare ta lambun Forodhani sai bayan faɗuwar rana take ci, da gasasshen kifi da tsire da ruwan rake da ake matsewa da citta da lemon tsami a gabanka, lokacin kuwa jirgi ya riga ya busa. Wanda nasa jirgin zai kwana a tashar, shi kam kar ya ci abincin dare a ciki.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku daga Zariya