Yaya, zuma ce ta harbe ni, ba wani abu ba

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, ya Inna da ƙafar tata, ya damina, ya su Auta da yara. Nasan kun ga kun kira bidiyo har sau uku ranar Lahadi ban ɗaga ba, har Auta ta turo min murya wai Inna ta kasa cin tuwo tana cewa ko kama ni akayi. Dan Allah ka kwantar mata da hankali, ba wanda ya kama ni, takarduna lafiya lau, aiki ma na koma tun Talata. Zuma ce ta harbe ni a fuska, kuma wallahi da Inna ta ga idon nan a waya ranar da sai ta ce a haɗa kuɗin jirgi na dawo.

Ka tuna tsohon da nake haya a gidansa a bayan garin Hambug nan Jamus, wanda nace maka yana kiwon zuma? Amya huɗu gare shi a bayan gida, kusa da inda matarsa ke shanya, amma ba irin tamu ta ciyawa da ake shafe wa da kashin shanu a ɗora kan ɗorawa ba, tasu akwatin katako ce hawa-hawa a ƙasa, cikin kowanne akwai wasu firam a jere da zumar ke yin saƙa a jiki, ka zaro ɗaya ka duba ka mayar kamar mai duba fayil a ofis. Yace da rani akwati ɗaya sai ya tara ƙudaje dubu 40 zuwa 50, sarauniyar kuma tana iya saka ƙwai 2000 a rana. Af, abin da Kaka yake ce wa sarkin zuma ashe mace ce, har ɗigon fenti tsohon yake sa mata a baya dan ya riƙa gane ta.

To ranar Juma'a na dawo daga masallaci, na sha turare abina har da na hannu, ga baƙar hula a kaina, na tarar da shi zai ɗebi zumar watan Yuli, bayansa na ciwo, akwatin kuma in ya cika nauyi ne da shi ba kaɗan ba. Ya miƙo min farar rigar nan mai raga a fuska. Ni kuma bakina da baya shiru nace masa ai mu jikokin masu zuma ne, kakana da ɗan wando kawai yake hawa bishiya da dare da bakin wuta a hannu, kuma zumarmu ta Afirka in ta biyo ka sai ka shiga ruwa, wannan tasu mai sanyi kamar tumaki me zata yi min. Gaskiya ne fa tasu tana da sanyin hali, na sha ganinsa yana aiki ba safar hannu. Ya kalli sama, hadari ya haɗo, ya shinshina turaren jikina yace yau ba ranar cika baki bace, ba sa son hadari, ba sa son ƙamshi, ba sa son baƙin kaya. Duk ukun kuwa na haɗa. Na dai ƙi sawa.

Akwatin farko lafiya. Na biyu ina ɗagawa hannuna ya goce ya bugu da na ƙasa, sai naji kukan nasu ya canza, kasan yadda yake tashi sama kamar injin niƙa. Ɗaya ta zo kai tsaye ta sauka ƙasan idona na hagu. Yaya kamar an ɗora min garwashi. Na kai hannu na mare ta, to nan na ƙara ɓata lamarin, dan in ta harbe ka tana barin wani wari a wurin da ke kiran 'yan uwanta, warin kamar na ayaba, da hancina na ji shi. Kafin na ajiye akwatin biyu sun ƙara min a kunne, ɗaya a wuya, ɗaya ta shige hula. Jikan masu zuma sai ga shi yana gudu cikin shanyar matar mutane, takalmi ɗaya a ƙafa.

Tsohon nan ko sauri bai yi ba. Ya rufe akwatinsa tukuna, sannan ya zo ya kankare ƙarin da farce, yace abin da ake so a cire shi da wuri, dan jakar dafin na manne a jiki tana ci gaba da tura dafi ko da ƙudan ya tashi. Ita kuma wadda tayi harbin mutuwa take, hanjinta ke fita tare da ƙarin. Har yana ce min na kashe masa ma'aikata biyar. Matarsa ta kawo ƙanƙara da rabin albasa tace na danna, na tuna Inna da jiƙaƙƙiyar ƙasa da take shafa mana.

Daren Juma'a ba laifi, Asabar da safe na tashi ido ya rufe ruf, kunci ya zama kamar ƙosai, Lahadi da kuka kira ma ya fi muni. Na je wajen likita, ta tambaye ni ko numfashi ya min wuya, ko maƙogwaro ya kumbura, ko naji jiri, ko jiki ya yi ruɗu-ruɗu a inda ba a harba ba, nace babu ko ɗaya. Tace to kumburin wurin ne kawai, yakan ƙaru kwana ɗaya zuwa biyu sannan ya sauka, ta bani ƙwayar ƙaiƙayi da man shafawa. Amma tace in har ɗaya daga waɗancan ya faru kar na tsaya neman albasa, 112, lambar agajin gaggawa ta nan, zan kira nan take, dan akwai wanda harbi ɗaya tak ke kaiwa lahira. Wannan ka riƙe shi saboda yara, in zuma ta harbi wani ya fara shaƙewa asibiti za a nufa a guje, ba gidan mai magani ba.

Abin da ya tsaya min a rai tun ina kwance shine yadda muke yi a gida. Mu sai mun babbake rabin ƙudajen, mu kwashe saƙar duka har da 'ya'yan, a matse a ƙwarya, zumar ta fito da ƙaurin hayaƙi, su kuma su gudu sai a jira wasu su shiga. Shi kuwa ɗan hayaƙi kaɗan yake busa musu, ya ɗauki wadda ta nuna kawai, ya juya ta a inji, ya mayar musu da saƙarsu, akwati ɗaya ya bashi kilo 20 zuwa 30 a shekara kuma suna nan ba inda suka je. Kwalbar rabin kilo yuro 7 yake ajiyewa a bakin ƙofa da ɗan gwangwani, mai so ya ɗauka ya jefa kuɗi, ba mai gadi.

Dan haka cikin kuɗin da zan turo ƙarshen wata ka cire wani abu ka kai wa kafinta ya buga mana guda biyu mu gwada. Ba irin tasa ba, tana son inji da kaya da yawa. Akwai wata mai tsawo kamar ƙaramin kwalekwale da sanduna jere a sama, zan turo maka hoton ta WhatsApp, faɗin kowace sanda santimita 3.2, ka tsaya a kansa ya auna da kyau dan in ya yi ta da ka saƙar zata haɗe. A goga kakin zuma a tsakiyar sandunan, a rataye su da waya a inuwar tsamiyar gonar Kaka saboda tururuwa, nesa da hanyar masu ɗiban ruwa. Rigar ragar kuma ni zan sayo na aiko, kuma sai ka sa ta, kar kace min komai.

Ka gaishe da Inna sosai, kace Juma'a in Allah ya kai mu zan kira da bidiyo ta gani da idonta. Hoton da na turo maka na ranar Asabar kuwa amana ne, in Auta ta gan shi na shiga uku har jikokina sai sun ji labari.

Naka,
ƙaninka